Woodville

Woodville sunan zuri'a ne a Ingila, kuma suna ne na garuruwa da dama a ƙasashen da ake jin Turanci. A takardun ƙarni na 15 an fi rubuta shi da Wydeville ko Wydville.

Abin da ya ɗaukaka sunan shi ne Elizabeth Woodville, matar Sarki Edward na IV, wadda aka haifa wajen shekarar 1437. Mahaifinta, Richard Woodville, daga matsakaitan masu ƙasa na Grafton da ke Northamptonshire ya fito, amma mahaifiyarta, Jacquetta ta Luxembourg, 'yar babban gida ce. Mijin Elizabeth na fari, John Grey, ya rasu a fagen daga a St Albans a 1461 yana yaƙi a ɓangaren gidan Lancaster, wanda ke takarar sarautar Ingila da gidan York, ya bar ta da 'ya'ya maza biyu. A 1464 Edward, shugaban gidan York, ya aure ta a asirce, ana cewa ranar 1 ga Mayu ne, sannan aka naɗa ta sarauniya a Westminster a watan Mayun 1465.

Auren bai yi wa manyan fada daɗi ba, musamman Richard Neville, hakimin Warwick, wanda a lokacin yake nema wa sarkin aure daga Faransa. Ganin yadda 'yan'uwan sarauniya suke auren manyan gidaje suna samun muƙamai ya ƙara hura wutar gaba, har a 1469 aka fille kan mahaifinta da ƙanenta John. Bayan rasuwar Edward a 1483, ƙanensa Richard ya karɓe mulki, aka ce auren bai halatta ba, aka kashe ɗan'uwanta Anthony a Pontefract, 'ya'yanta maza biyu da ta haifa wa sarki kuma suka ɓace a Hasumiyar Landan. Har yau masana ba su daidaita kan makomar yaran ba.

Duk da haka jininta bai bar gadon sarauta ba, domin 'yarta Elizabeth ta York ta auri Henry na VII a 1486, ta haifi Henry na VIII. Elizabeth Woodville ta rasu a gidan ibada na Bermondsey ranar 8 ga Yunin 1492, aka binne ta a Windsor kusa da mijinta Edward.

Akwai garuruwa masu wannan suna a Derbyshire ta Ingila, da jihohin Mississippi da Texas na Amurka, da kuma Ostareliya da New Zealand. Na Texas ba shi da alaƙa da zuri'ar, sunan Gwamna George T. Wood ya ci.