Waiwaye: Tun yaushe ɗakin gwaje-gwaje ya zama ɗakin ajiya a makarantun Arewa?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, sai muhawara ta tashi a rediyo da Facebook: yaranmu na gudun kimiyya, lissafi ya gagare su, wanda ma ya daure ya zauna a ajin kimiyya ba ya ganin wata hanya sai likitanci. Wasu su ɗora laifin a kan wayar hannu, wasu su ce 'yan zamani ne ba sa son wahala. Mai saurare sai ya ɗauka jiya-jiya abin ya faro, alhali ya girmi iyayen yaran da ake zargi.

Farkon labarin sananne ne. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 malamai aka kafa ta ta horar, daga cikinsu kuma aka samu ma'aikatan mulki. Injiniya da mai haɗa magani ba su ne a gaba ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962, shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya cika azuzuwa a 1976, manufar ilimi ta ƙasa ta fito a 1977, sannan tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) ya biyo baya da alkawarin cewa yaro zai taɓa zarto da wayar lantarki tun yana ƙaramar sakandare. A farkon shekarun 1980 aka buɗe jami'o'in fasaha na tarayya a Bauchi da Yola da Minna, aka kuma tsara cewa kashi 60 na gurbin shiga jami'a na masu kimiyya ne.

Jihar Kano ta yi nata yunƙurin da ya cancanci yabo. A 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake tace ɗalibai da jarrabawa, a ba su kwana da abinci da kayan aiki, daga baya 'yan mata suka samu tasu a Taura. Likitoci da injiniyoyi da yawa da Kano da Jigawa ke tinƙaho da su yau daga nan suka fito. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa ɗan Arewa ba shi da kan kimiyya.

Amma wa ke riƙe da alli a waɗancan shekaru? Nan ne masu muhawara ba su cika tsayawa ba. Duk wanda ya yi sakandare a Arewa tsakanin shekarun 1970 da farkon 1980 zai gaya maka cewa malamin fiziks ko kemistiri ko lissafi sau da yawa ɗan Indiya ne, ko Pakistan, ko Filifin, ko Masar, ko Ghana. Malaman kwantiragi ne, kuɗin mai ne ya kawo su. A lokacin naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, don haka malami zai koyar a Gusau ko Azare, ya aika wa iyalinsa wani kaso na albashi, ya gina gida a garinsu. Da yawansu sun yi aiki tsakani da Allah, kuma da hannu suke koyarwa: a haɗa sinadari yaro ya ga launi ya sauya, a feɗe kwaɗo, a auna wutar batir.

Sai farashin mai ya faɗi. A 1983 aka sallami baƙin da ba su da takardun zama, 'yan Ghana masu ɗimbin yawa suka koma gida, har da malamai. Daga Satumbar 1986 darajar naira ta karye, cikin ɗan lokaci dala ta kai wajen naira 4, zuwa 1993 ta haura 20. Albashin da dā ke gina gida a ƙasar malami ya koma bai taka kara ya karya ba. Kwantiragi na ƙarewa, sai malami ya tattara ya nufi ƙasashen Larabawa ko kudancin Afirka ko gida. Ba a yi shela ba, ba a yi taron ban kwana ba. Makaranta ce kawai za a dawo hutu a tarar babu mai koyar da fiziks. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ya fi ciwo shi ne karyewar nairar da ta kori malaman ita ce ta tsauwala kuɗin kayan aikin, domin sinadarai da kwalaben gwaji da madubin duba ƙwayoyin halitta duk daga waje ake sayo su. Injinan koyon sana'a da aka shigo da su daga gabashin Turai saboda tsarin 6-3-3-4 kuwa, a makarantu da dama a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, babu lantarki, babu wanda ya iya sarrafa su. 'Yan ƙasa da suka karanta kimiyya a lokacin ba su da yawa, kuma asibiti da banki da kamfanin mai na jiran su da albashi mai tsoka. Aka cike giɓin da 'yan bautar ƙasa masu shekara guda su wuce, da malamin bayoloji da aka ce ya riƙe kemistiri "kafin a samu wani".

Daga nan kimiyya ta koma hadda. Ana zana gwaji a kan allo, yara su kwafa, su haddace sakamakon abin da ba su taɓa gani da ido ba, sai mako biyu kafin jarrabawa a buɗe ɗakin gwaje-gwaje a kakkaɓe ƙura a yi "firatikal". Ɗalibin da aka koyar haka a 1990 shi ne ya shiga kwalejin ilimi, ya fito ya koyar da wanda ke koyarwa yau. Ban ga laifinsa ba. Abin da bai taɓa riƙewa ba ta yaya zai miƙa wa wani? Shi ya sa idan na ji ana murnar an kai kwamfutoci ko sabbin kayan gwaji wata makaranta, tambayar da nake fara yi ita ce malaman fiziks nawa ne a wurin, nawa ake biyan su, kuma yaushe rabon da a kai su horo su yi gwajin da hannunsu.