Insha'i na bayani, na muhawara da na jan ra'ayi

Insha'i na bayani, na muhawara da na jan ra'ayi suna cikin nau'o'in rubutun zube da ake neman ɗalibi ya iya kafin ya gama sakandare. Dukkansu suna da gabatarwa, gundari da kammalawa. Abin da ya raba su shi ne halin mai karatu: wanda bai san batun ba ne, ko mai kokwanto, ko kuwa wanda ake son ya tashi ya aikata wani abu. Yaran Hausawa da ke Makka, Madina da Jidda da Larabci suke koyon su, a darasin ta'abiri (wato insha'i), haka ma ɗaliban Najeriya da Nijar da ke zuwa Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka buɗe a 1961.

Asali

Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin falsafar Girka Aristotle ya ce abu uku ne ke sa a yarda da magana: amincin mai yin ta, motsa zuciyar mai sauraro, da hujjar hankali. An mayar da littafinsa na haɗaba (fasahar jawabi) zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, wajen ƙarni na 8 ko na 9, malamin Andalus Ibn Rushd kuma ya yi masa sharhi a ƙarni na 12.

Malaman balaga, wato ilimin fasahar harshen Larabci, suna da nasu rabon. Sun ce wanda ake wa magana ɗayan uku ne. Wanda zuciyarsa take fanko game da batun, ana gaya masa ba tare da ƙarfafawa ba. Mai kokwanto, ana ƙarfafa masa da kalma ɗaya irin su "lalle". Mai musu kuwa sai an ƙara gwargwadon musunsa, har a kai ga rantsuwa. Ɗalibin da ya riƙe wannan ya riga ya san dalilin da ya sa ba a cika rubutun bayani da "wallahi" da "tabbas".

Ladubban bahasi da munazara, wato ƙa'idojin muhawarar ilimi, sun zama fanni mai zaman kansa a hannun Shamsuddin as-Samarƙandi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 14 (an yi saɓani kan shekarar). A nan aka tsara cewa mai da'awa shi ke kawo dalili, abokin jayayya kuma ya nemi hujja kan wata muƙaddima (maganar da aka gina dalilin a kanta), ko ya warware dalilin, ko ya kawo kishiyarsa. Mai cirato magana ana binsa ingancin ciratowar.

Insha'i na bayani

Aikinsa sanarwa ne, ra'ayin marubuci ba ya shiga. Ana jera shi bisa lokaci, ko matakai, ko sanadi da sakamako. Mai bayanin sa'ayi zai ce ana farawa daga Safa, ana tafiya bakwai, zuwa ɗaya dawowa ɗaya, a ƙare a Marwa. In ya tsallake yadda ake ƙirgar don shi a wurinsa sanannen abu ne, baƙo zai iya yin goma sha huɗu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: tsallake abin da marubuci ya saba da shi.

Insha'i na muhawara

Ana faɗin matsayi cikin jumla ɗaya a ƙarshen gabatarwa, misali: ya kamata yaron da aka haifa a Jidda ya fara koyon rubuta Hausa da ajami kafin boko. Kowane sakin layi ya ɗauki dalili ɗaya, da shaidarsa, da jumlar da ke ƙulla shaidar da matsayin. Wannan jumlar ce ɗalibai suka fi mantawa. Sai a ga an jera ayoyi da hadisai uku ba a nuna fuskar kafa hujja da su ba, ko an ce yaron ya riga ya san baƙaƙen Larabci ba a bayyana yadda hakan zai rage masa wahala ba.

Dole a ba ɗaya ɓangaren sakin layi guda, a kawo hujjarsa mafi ƙarfi yadda mai ita zai yarda cewa tasa ce: mafi yawan littattafai da jaridun Hausa na yau da boko ake buga su. Daga nan ake amsawa. Sukar mutum maimakon maganarsa, da yanke hukunci kan jama'a duka daga misali ɗaya, suna zubar da maki.

A insha'i mai kalmomi 400, gabatarwa da kammalawa kan ci kamar 50 kowanne, sakin layi uku su raba sauran. In an ba da minti 40, biyar na farko na tsara shaci ne, biyar na ƙarshe na duba.

Insha'i na jan ra'ayi

Huɗuba, wa'azi, talla da wasiƙar neman taimako duk a nan suke. Marubuci na magana da mai karatu kai tsaye, yana taɓa zuciyarsa, ya ƙare da buƙata ɗaya bayyananniya, kamar alhazai su riƙe lema da ruwa ranar Arfa. Ba a yafe masa ƙirƙirar adadi ko kawo hadisin da bai bincika ingancinsa ba. Wasu malamai suna ƙirga shi reshen muhawara, wasu suna ware shi.