Wanda ya danna ƙirjin mamaci har haƙarƙari ya karye, doka za ta kama shi?

Bara wani dattijo a unguwarmu nan Katsina ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago bayan la'asar, ba numfashi ba motsi. Kowa ya tsaya yana salati, sai wani yaro ɗalibin aikin jinya ya durƙusa ya ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinshi ya yi ta dannawa, gumi na ɗiga daga haɓarshi, har aka samo mota. Ni ina gefe na ji wani ƙas, kamar an karya busasshen kara. Allah bai yi ba, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. To wajen wanka sai aka ga ƙirjin ya ɗan lotsa ga kuma shati, kafin a dawo daga maƙabarta magana ta zaga wai yaron nan ne ya ƙarasa shi. Har ƙanen mamacin ya tare shi a zaure yana cewa "kai ɗana, wa ya sa ka?" yaron kanshi a ƙasa yana cewa "Baffa wallahi taimako na yi." Abin nan ya tsaya mani a rai shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Abin da yaron ya yi shi ake kira CPR, wato danna ƙirji don jini ya ci gaba da zagayawa in zuciya ta tsaya. Tun 1960 masana a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka suka bayyana wannan hanya. Ƙa'idar ga babba ita ce a danna ƙirji ya shiga santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, in za a haɗa da hura numfashi kuma dannawa 30 hurawa 2. Ku auna santimita 5 da yatsa ku gani, ba shafa ba ce, sai ka sa nauyin jikinka. Kuma dalilin gaggawar shi ne ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in jini bai kai mata ba. To ƙirjin tsoho da guringuntsi ya riga ya bushe, ƙashi ya yi rauni, in aka danna shi yadda ya kamata karyewar haƙarƙari abu ne da likitoci suka saba gani kullum, har ƙashin tsakiyar ƙirji ma yana karyewa. Ko ƙwararre ne ya yi, a cikin asibiti, hakan na faruwa.

Yanzu doka. Dokar hukunta laifuka ta Arewa, Penal Code, tun asalinta tana da wata ƙa'ida mai sauƙin ganewa: abin da mutum ya yi da kyakkyawar niyya don ya amfani wani ko ya kare shi daga cutarwa mafi girma, ba tare da nufin cutarwa ba, ba laifi ba ne ko da rauni ya biyo baya, muddin yin abin ya dace da halin da ake ciki kuma an yi shi da kula daidai gwargwado. Ka ga mutumin da zuciyarshi ta tsaya ba ya iya cewa na yarda ko ban yarda ba, kuma abin da ke jiranshi in an ƙyale shi mutuwa ce, don haka haƙarƙari biyu ko uku ba za a ɗora su a sikeli ɗaya da rai ba. Ma'aikatan lafiya su nasu ma ya wuce izini ya zama dole, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana su ƙin bai wa mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya ƙi tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba ko duka biyun. Akwai kuma dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga, wadda marigayi Buhari ya sa wa hannu, ta ce wanda ya taimaka ya kawo mai rauni a mutunta shi kada a tsare shi da tambayoyin wulaƙanci. Ita wannan kan harbi take kaɗai, amma dai ta nuna inda doka ta dosa.

Amma fa kar wani ya ɗauka an buɗe ƙofa ne a doki mutum sannan a ce ai taimakonshi aka yi. A nan aikin likitan binciken gawa yake, kuma nan ne ni abin ya fi burge ni. In mutuwa ta zo da shakku, alƙalin majistare da doka ta ba ikon binciken irin wannan mutuwa yana iya ba da umarni a duba gawa, shi kuma likitan, jikin mamacin ne littafinshi. Karayar da dannawa ke kawowa yawanci ta gaba take, kusa da ƙashin ƙirji, a haƙarƙarin sama da na tsakiya, sau da yawa a jere kuma gefe biyu. Sannan yana duba jini: raunin da aka ji wa mutum zuciyarshi na bugawa jini yana kwarara ya kwanta sosai a naman wajen, wanda ya faru bayan zuciya ta tsaya kuwa jinin kaɗan ne. Duka da sanda ko naushi ko takawa yana barin shaida a baya, a gefe, a hannuwa inda mutum ya kare kanshi, wuraren da mai danna ƙirji ba ruwanshi da su. A jarirai abin ya fi tsanani, haƙarƙarinsu mai laushi ne ba kasafai dannawa ke karya shi ba, don haka in aka ga karaya ta baya dab da ƙashin baya, ko tsohuwar karaya da ta fara ɗinkewa, likita zai fara tunanin an matse yaron ne da ƙarfi, kuma "ai farfaɗo da shi muka yi" ba za ta wanke kowa ba.

Gaskiya kuma dole a faɗa, wani lokacin raunin yana wuce ƙashi. Hanta tana iya tsagewa musamman in an sa hannu ƙasa-ƙasa wajen ciki, saifa ma haka, karyayyen haƙarƙari na iya huda huhu iska ta taru a ƙirji, hura iska da yawa na kumbura tumbi. In zuciya ta dawo bugawa irin wannan tsagewar tana iya zubar da jini a ciki har ta kashe, balle mai shan maganin tsinka jini. Ba kasafai ba ne amma yana faruwa, kuma ko a nan tambayar da ake yi ita ce mi ya tsayar da zuciyar tun farko, sannan shin an yi aikin yadda ya dace, shin bayan ya farfaɗo an lura da shi. In iyali na zargin sakaci a asibiti akwai majalisar da ke kula da likitoci ta ƙasa, akwai kotu, can ake kai ƙara ba zaure ba.

Abu ɗaya da nake roƙo, in ka danna ƙirjin wani ka faɗa wa likita ko ɗan sanda da bakinka: ni na yi, tun ƙarfe kaza, kusan minti kaza, na ji ƙashi ya yi ƙara. A asibiti ma shi ya sa ake rubuta komi, kuma in za a yi bincike ba a cire bututun maƙogwaro da allurai daga jikin, don tabon allura da fashewar leɓe da shatin na'urar shokin zuciya kada a ɗauke su a matsayin duka. Mu nan muna gaggauta jana'iza kuma addini ne ya koya mana, shi ya sa sau da yawa masu wanka ne kaɗai ke ganin jikin, su kuma amana ce a wuyansu su rufe abin da suka gani, in kuma sun ga abin da ya tada masu hankali su kai ga hukuma kafin a rufe, ba su saki magana a gari ba.

Bayan sadakar uku limamin unguwa ya kira Baffan da yaron, aka samu wani likita ya zauna ya yi masu bayanin nan da hannunshi a kan nashi ƙirjin. Baffan ya daɗe shiru, sannan ya ce "ɗana ka yafe mani, zafin rashi ne." Yaron yana shekarar ƙarshe a makaranta yanzu.