Waiwaye: Yadda karatun yara masu buƙata ta musamman ya koma bayan katanga a Jos

Duk wanda ya yi makarantar allo a Jos, a Gangare ko Dilimi ko Unguwar Rogo, ya san ba a aji aka fara karatu ba. A ƙofar zaure ake zama ko a gindin bishiya, da daddare kuma a kewaye wuta saboda sanyin garin nan. Makaho ma yana cikin da'irar, yana haddacewa da kunne abin da 'yan'uwansa ke biyawa a allo. Shi ya sa raina ke sosuwa idan na ji ana maganar fitar da yara masu buƙata ta musamman waje su yi karatu kamar wani baƙon abu ne daga Turai.

Su ma Turawan larura ce ta kai su. A 1904 aka buɗe wata makaranta a cikin daji kusa da Balin ta Jamus, domin yara raunana da ake tsoron tarin fuka zai kama. A shekarun 1950 makarantun daji na ƙananan yara suka kafu a Denmak, sai a 1993 wasu malamai daga Ingila suka je suka gani, suka kai tsarin gida. Bayan nan aka lura yana taimakon yaran da zaman benci ke wahalarwa.

A nan gida kuwa, Filato ce ta riga kowa. A 1953 mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) suka kafa makarantar makafi a Gindiri, cikin ƙaramar hukumar Mangu ta yanzu, ita ce ta farko a Najeriya. A 1957 aka buɗe cibiyar koya wa makafi noma a Ikeja ta Legas. Dama can karatun makaho ba ya kammala a kan tebur. Rubutun Braille, wanda makafi ke karantawa da yatsu, dai a zaune ake koyonsa, amma riƙon sanda, da bambance yashi da tsakuwa da tafin ƙafa, da jin ƙarar mota a san ta ina ta nufo, duk sai an fita. Kurma ma ya fi saurin riƙe alamar hannu ta akuya idan ga akuyar a gabansa. Yaro mai lalurar galahanga (autism) da hayaniyar aji ke rikitawa, sau da yawa yakan natsu idan aka miƙa masa bokiti aka ce ya shayar da shuka.

Daga baya gwamnati ta shigo. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ware wa ilimi na musamman sashe guda, Jami'ar Jos ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren horar da malamansa, ga kuma makarantar kurame a Bassa. A 1994 taron duniya kan ilimi na musamman da aka yi a Salamanka ta Sifaniya ya ce a haɗa waɗannan yara da sauran yara a makaranta ɗaya. Duk ci gaba ne, ban musa ba. Sai dai a ganina tun daga nan hankali ya karkata kan gini da kujeru da jarrabawa, gonar makaranta da fili suka zama abin da ake tunawa idan lokaci ya rage.

Sai kuma rikicin Satumbar 2001 da waɗanda suka biyo baya. Garin ya rabu unguwa-unguwa, makarantu suka ɗaga katanga, fita yawon buɗe ido ta ja baya. Ban ga laifin uwar da ke cewa, "Malam, idan abu ya tashi, wa zai ɗauko mini shi?" ba. Wanda ba ya ji ba zai ji ihun gudu ba, mai keken guragu kuma ba zai tsallake kwata ba. Ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen gari, waɗanda ko mai ido biyu ana gargaɗinsa a kansu. Amma kullen da aka yi don tsaro ya zarce har lokacin zaman lafiya, kuma yaran da suka fi buƙatar sanin hanya su suka fi daɗewa a ciki.

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Mafi yawan abin da ake tattaunawa shi ne gangaren da keke zai hau zuwa ƙofa, ba a cika tambayar ko yaron zai iya fitowa tsakar makaranta ba. Alhali Jos na da gidan tarihi tun 1952, da gandun namun daji tun 1972, ga duwatsun Shere. Ko ba a je can ba, kunya uku ta alayyafo a bayan aji ta isa a fara, idan aka share hanyar zuwa wurin, aka kuma ba malamin mataimaki guda da zai riƙe hannun yaro.