Jorge Martínez "Aspar": daga ƙaramin babur ɗin Derbi zuwa renon zakarun duniya

A shekarar 1988 wani ɗan Sifaniya, Jorge Martínez, ya yi abin da har yau babu wanda ya sake yi a gasar tseren babura ta duniya: ya ɗauki kambu biyu a kaka ɗaya, na rukunin babura masu injin 80cc da na masu 125cc. A ƙarshen mako guda sai ya yi tsere a kan wannan babur, ya sauka ya hau wancan. Sau 15 ya zo na ɗaya a wannan shekara, 9 a 125cc, 6 a 80cc. Da a nan labarinsa ya tsaya ma ya isa a riƙa tunawa da shi. Amma a ganina aikin da ya yi bayan ya daina tsere ya fi wannan nauyi, kuma ba za a fahimci yadda 'yan Sifaniya suka mamaye wannan wasa ba sai an bi ta kansa.

An haife shi ranar 29 ga Agusta, 1962, a garin Alzira da ke yankin Balansiya. Laƙabin Aspar ya samo asali ne daga sana'ar gidansu ta ɗinka takalman gargajiya masu tafin igiya, kuma da wannan suna duniya ta san shi. Ba ɗan masu kuɗi ba ne, ba kuma a makarantar koyon tsere ya tashi ba, domin a lokacin babu irin waɗannan makarantu. A Balansiya ta wancan zamani, a kan titunan cikin gari ake yin tsere lokacin bukukuwa, a jera damman ciyawa a kwanoni, jama'a su tsaya a bakin hanya. A nan yaran yankin suke koyo, a nan kuma ake gane mai zuciya.

Mutum biyu ne suka share masa hanya. Na farko Ángel Nieto, wanda ya ci kambun duniya 13 tsakanin 1969 da 1984, ya sa ƙasar gaba ɗaya ta fara kallon ƙananan babura da daraja. Na biyu, wanda ya fi kusa da shi, Ricardo Tormo ne, ɗan Balansiya kamarsa, zakaran duniya na 50cc a 1978 da 1981. Tormo ya ga yaron, ya jawo shi jiki, ya taimaka masa. Aspar ya fara shiga gasar duniya a 1982, kuma a 1984 ya samu shiga kamfanin ƙera babura na Derbi, na iyalin Rabasa, mai masana'anta kusa da Barcelona.

Shekarar 1984 ɗin ta zo da abin baƙin ciki. Tormo yana gwajin babur a unguwar masana'antu kusa da kamfanin sai ya yi karo da mota, ƙafarsa ta lalace, tserensa ya ƙare ke nan. Wannan haɗari ya nuna halin da ake ciki a lokacin: zakaran duniya sau biyu yana gwada babur ɗin tsere a kan titin da motoci ke bi. Nauyin Derbi ya dawo kan Aspar, yaron da Tormo ya yi renonsa. A wannan shekarar Aspar ya ci tserensa na farko a filin Assen na ƙasar Holan. A 1985 ya zo na biyu a bayan Stefan Dörflinger na Suwizalan, sannan ya kama kambun 80cc ya riƙe shekara uku a jere, 1986, 1987 da 1988.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan babur ɗin kansa. Injin 80cc bai kai na Bajaj ɗin haya da ke yawo a titi girma ba, amma jajayen baburan Derbi sukan haura kilomita 200 a awa. Tayoyinsu sirara ne, ƙarfin injin kuma yana fitowa ne kawai idan yana juyi sosai, don haka wanda ya yi kuskuren canza giya ko ya taka birki fiye da kima ya yi asarar gudun da zai daɗe bai dawo da shi ba. Dole mahayi ya kwanta ya lafe a bayan gilashin gaba, ya shiga kwana da gudu ya fita da gudu. Wanda ya ƙware a wannan ya san tsere daga tushe, kuma ina ganin daga nan Aspar ya samu idon da daga baya yake gane yaro mai baiwa tun kafin sunansa ya fito.

Bayan 1988 tauraronsa ya fara dusashewa a hankali. An rufe rukunin 80cc a ƙarshen 1989, sabbin matasa irin su Àlex Crivillé suka taso, shi kuma ya bar Derbi ya koma JJ Cobas. Ya ci gaba da cin tsere jefi-jefi, na ƙarshe a Ajantina a 1994, ya kuma ɗauki kambun Turai na 125cc a 1996. Ya yi ritaya a ƙarshen 1997 da nasarori 37 a gasar duniya.

Tun a 1992, yana kan tsere, ya kafa ƙungiyarsa, Aspar Team. Kambun duniya bai zo wa ƙungiyar ba sai 2006, lokacin da Álvaro Bautista ya lashe 125cc a kan babur ɗin Aprilia. Shekara 14 ke nan ana neman masu ɗaukar nauyi, ana biyan makanikai, ana jigilar kaya daga nahiya zuwa nahiya. Daga nan kuma ƙofa ta buɗe. A 2007 mahayansa biyu ne suka yi ta fafatawa har tseren ƙarshe, Gábor Talmácsi ɗan Hungari ya yi nasara a kan Héctor Faubel. A 2009 Julián Simón ya ci, abokin hawansa Bradley Smith ya zo na biyu. A 2011 Nico Terol ya zama zakaran 125cc na ƙarshe a tarihi, domin daga 2012 aka maye gurbin rukunin da Moto3.

Ba duk inda ya sa hannu ne ya yi albarka ba. Yana cikin masu hannun jari a kamfanin Valmor Sports da ya shirya tseren motocin Formula 1 a titunan birnin Balansiya daga 2008. Harkar ba ta mayar da kuɗinta ba, daga baya gwamnatin yankin ta sayi kamfanin a kan Yuro 1 tare da ɗaukar bashinsa, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai yawa a Sifaniya. Shigarsa babban rukuni na MotoGP daga 2010 ma ba ta kai shi inda yake so ba. Ya fara da Héctor Barberá a kan Ducati, Aleix Espargaró ya yi fice a cikin masu hawa baburan da ba na manyan kamfanoni ba a 2012 da 2013, har tsohon zakaran duniya Nicky Hayden ya yi masa shekara biyu. Amma a wannan rukuni aljihu ne ke magana, kuma ƙungiya mai zaman kanta da ke hayar babur ɗin bara ba ta iya ja da Honda ko Yamaha. A ƙarshen 2018 ya janye, gurabensa suka koma hannun ƙungiyar Petronas ta Malesiya. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin faɗuwa. Ni kuwa ina ganin komawa ce inda ƙarfinsa yake.

A cikin waɗannan shekaru ne Nieto ya rasu, a watan Agustan 2017, bayan wani haɗari a tsibirin Ibiza. Aspar ya cire sunansa daga ƙungiyar da ya gina ya sa na Nieto, aka yi kaka biyu ana kiranta Ángel Nieto Team. Tormo kuwa ya riga ya rasu tun 1998 sakamakon cutar sankarar jini, kuma filin tsere na Cheste, a yankin Balansiya, da aka buɗe a 1999 sunansa yake ɗauke da shi. A wannan filin aka shigar da Aspar cikin jerin gwarazan MotoGP a 2019.

Abin da ya fi nuna darajar aikinsa shi ne shekarun da babur ɗinsa ba shi ne mafi gudu ba. A 2015 da 2016 ƙungiyar tana hawan Mahindra na ƙasar Indiya, wanda bai kai Honda da KTM ƙarfi ba, amma ya ɗora yara biyu a kai: Francesco Bagnaia ɗan Italiya da Jorge Martín ɗan Madrid. Bagnaia ya ci tserensa na farko a Assen a 2016, wanda shi ne kuma nasarar Mahindra ta farko. Yaron da ya saba kokawa da babur mai rauni yakan koyi neman gudu a kwana da wurin birki, kuma wannan ilimi ba ya barinsa. Bagnaia ya zama zakaran MotoGP a 2022 da 2023.

A Moto3 kambu ya ci gaba da zuwa: Albert Arenas a 2020, Izan Guevara a 2022 tare da abokin hawansa Sergio García a matsayi na biyu. Terol, wanda ya ci kambun 2011, ya dawo gida yana kula da harkar mahaya. A 2024 David Alonso, mai wakiltar Kolombiya, ya ci tsere 14 a kan CFMoto, ya karya tarihin nasarori 11 da Valentino Rossi ya kafa a ƙaramin rukuni a 1997. Kakar ba ta ƙare a Cheste kamar yadda aka tsara ba, saboda ambaliyar ƙarshen Oktoba da ta kashe mutane fiye da 200 a yankin Balansiya, mahaifar ƙungiyar. An mayar da tseren ƙarshe Barcelona, inda Alonso ya ci na 14 ɗinsa, Martín kuma ya karɓe kambun MotoGP daga hannun Bagnaia da tazarar maki 10. Manajan ƙungiyar Pramac da Martín ya ci kambun a ƙarƙashinta shi ne Gino Borsoi, wanda ya shafe shekaru yana tafiyar da ƙungiyar Aspar kafin ya koma can.