Mataccen Bashi da Yadda Ake Ƙiyasta Shi

Mataccen bashi shi ne kuɗin da ɗan kasuwa ko kamfani yake bi, amma ya fitar da rai da samunsa, ko don wanda ake bin ya karye, ko ya rasu bai bar abin biya ba, ko ya yi ɓatan dabo. A Kano, inda dilolin Kantin Kwari da Singa ke sakar wa abokan ciniki kaya sai an sayar a kawo kuɗi, da wuya a buɗe littafin bashi ba a tarar da irinsa ba.

Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce a jira sai bashin ya mutu murus, sannan a soke shi a rubuta asara. Tana da sauƙi, amma tana yaudarar mai dukiya: ribar bana ta kumbura, asarar kuma ta faɗa kan baɗi. Shi ya sa akantoci suka fi son a ware tanadi, wato kuɗin da ake cirewa daga riba saboda asarar da ake hasashe, tun a shekarar da aka yi cinikin.

Ana ƙiyasta tanadin da wani kaso na cinikin bashi na shekara, ko kuma a rarraba basussukan bisa daɗewarsu, wanda ya fi kusa da gaskiya. A ɗauka dilan atamfa yana bin naira miliyan 10. Miliyan 6 ba su kai wata guda ba, sai ya ware musu kashi 2 cikin ɗari, wato 120,000. Miliyan 3 suna tsakanin wata ɗaya da uku, kashi 10, 300,000. Ragowar miliyan ɗayan kuwa ta haura wata uku, wanda ake bin ma ya daina ɗaga waya, don haka rabinta, 500,000. Tanadin ya kama 920,000, abin da zai ƙirga cikin jarinsa kuma 9,080,000 ne. Kason ba da ka ake yanke shi ba, daga tsofaffin littattafan shagon ake gano shi. Ware tanadi kuma ba yafiya ba ce, ana ci gaba da bin kuɗin.

Bankuna ba a bar su da zaɓinsu ba. Ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya na 2010 sun ɗauki rancen da ya wuce kwana 90 ba a biya ba a matsayin wanda ya maƙale, ana ware masa kashi 10, bayan kwana 180 kashi 50, bayan 360 kuma gaba ɗaya. Daga 2018, ma'aunin lissafin kuɗi na duniya mai suna IFRS 9 ya wajabta hango asarar tun kafin ta auku.

Wannan rarrabewa tsakanin bashi mai rai da matacce ba baƙuwa ba ce ga malaman Malikiyya. Ɗan kasuwar da ke jujjuya hajarsa yakan haɗa bashin da yake sa ran samu cikin lissafin zakka, wanda ya ɗebe tsammani kuwa sai ranar da ya shigo hannu.