Dokar Kare Bayanai ta 2023: abin da ɗalibin jami'a zai iya yi da ita

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. A wurin wannan doka, duk abin da za a gane ka da shi bayaninka ne: suna, hoto, lambar waya, lambar rajistar makaranta, NIN da BVN. Lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da zanen yatsa kuwa an ƙara musu tsaro.

Inda ɗalibai suka fi shiga uku shi ne wajen ba da izini. Kuɗin rajista ya taso, aljihu babu komai, sai ɗalibi ya sauke manhajar rance. Ta nemi shiga lambobin wayarsa da hotunansa, ya danna bai karanta ba. Ranar biya ta wuce da kwana biyu, sai ga saƙo a wayar kawunsa ana kiran ɗalibin ɗan damfara. Bashi dai bashi ne, sai an biya, amma wannan tozarcin ya saɓa doka. Doka ta ce a karɓi bayanai don manufa bayyananniya, iya abin da ake buƙata kawai. Shi kawun ma bai taɓa ba kowa izinin taɓa lambarsa ba. Shiru ba amincewa ba ne, kuma izinin da ka bayar kana da ikon janye shi.

Idan hakan ta same ka, kada ka goge komai. Ɗauki hoton saƙonnin, kwanan wata na fitowa. Rubuta wa kamfanin, ka nemi sanin bayananka da ke hannunsu da waɗanda suka miƙa wa, ka ce su goge abin da ba su da hujjar riƙewa. In suka yi kunnen ƙashi, kai ƙorafi NDPC. Tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Kana iya neman diyya a kotu.

Abokin da ya watsa hirarku a zauren WhatsApp na aji fa? Dokar ta sassauta wa amfani na ƙashin kai, amma da sharaɗin bai keta sirrin wani ba, haƙƙin da sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare. In har da barazana ko hotunan tsiraici, magana ta koma sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, kuma wurin 'yan sanda za a kai.